Daga Samaru zuwa Daudawa: Sawun Jami'ar Ahmadu Bello a Kudancin Katsina

Motar da ta tashi daga Zariya za ta Gusau, ta Samaru take bi. Za ta wuce babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona, ta bar Shika da Giwa a baya, ta shiga Funtuwa. Daga nan ƙasar Faskari ce, Mairuwa da Sheme da 'Yankara, har a faɗa Tsafe. Sabuwa tana hannun hagu, can wajen iyakar Birnin Gwari, Ƙanƙara kuma tana hannun dama, ta jingina da dajin Rugu. Mutanen da suna kiran wannan yanki Katsina Laka, domin ƙasarsa mai nauyi ce, mai riƙe ruwa, ba irin jigawar arewacin Katsina ba.

Babu jami'a a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa. Amma da wuya a sami wani yanki na ƙasar Hausa, in aka cire kewayen Zariya, da binciken Jami'ar Ahmadu Bello ya taka kamar yadda ya taka wannan. Masu ƙirƙirar iri sun zo, masana tattalin arziki sun zo, likitoci da masana tarihi da masu nazarin duwatsu duk sun zo. A yau ana auna darajar jami'a da yawan maƙalun da malamanta suka buga da yawan waɗanda suka ambace su, abin da ya yi kama da sayen hatsi ta ƙirga buhuna ba tare da an kwance bakin ko ɗaya ba. In aka kwance bakin buhunan da suka ɗaga sunan wannan jami'a a duniya, za a tarar da yawansu a ƙauyukan kudancin Katsina aka cika su, kuma mafi kyawunsu an same su ne lokacin da malamin jami'a ya yarda ya zauna ya saurari manomi.

Auduga ce ta fara ƙulla Samaru da wannan ƙasa, tun jami'ar ba ta zo duniya ba. Kudancin Katsina ya daɗe da sanin auduga. Maska da Gozaki sun yi suna wajen nomanta da saƙa tun kafin jihadi. Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903, masu masaƙun Manchesta suka ɗora ido a kan wannan albarka. Ƙungiyarsu ta bunƙasa noman auduga, wadda aka kafa a 1902, ita ce mutanen Funtuwa suka laƙaba wa Bisije, sunan da unguwa ke amsawa har yau. Audugar gida zarenta gajere ne, bai yi wa injinansu ba, sai aka shigo da wani iri ɗan asalin Amurka mai suna Allen wajen 1912. A 1922 aka buɗe tashar binciken noma a Samaru. Cikin shekarun nan na 1920 aka kafa gonar irin auduga a Daudawa ta ƙasar Faskari, layin dogo kuma ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda.

Ga yadda aikin yake tafiya a wancan zamani. A Samaru ake zaɓen iri, tushe bayan tushe, a auna tsawon zare, a duba wanne ne ƙwari da cuta ba su kayar ba. In an sami wanda ya gamsar, 'yar guryar da ba ta cika buhu ba sai a kai ta Daudawa a riɓanya. Daga Daudawa a raba wa manoman kewaye, da kaka a sayi audugarsu daban, a gurje ta daban don kada iri ya gauraya, badi a faɗaɗa da'irar, har bayan 'yan shekaru ta game lardi. Ta haka irin da aka sa wa Samaru 26C, daga baya 26J, suka bazu a Arewa. Kyauta ake ba manomi gurya, shi kuma ya kai audugarsa fuloti a ɗora a sikeli. Garmar shanu ma, wadda aka fara koya wa manoman Arewa a 1928, Daudawa na cikin wuraren da ta fara kafuwa. Huɗar shanun da ake gani a ƙasar Faskari da Sabuwa tana da wannan tsohon tushe.

Sai dai a faɗi gaskiya, wannan bincike ba don tukunyar manomi aka yi shi ba. Auduga da gyaɗa aka fi ba ƙarfi saboda su ne jirgin ƙasa ke kwasa zuwa teku. Gero da dawa da wake, abin da ke riƙe da rai, suna baya.

Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibai 426. Sardauna Ahmadu Bello bai fara daga fili ba. Haɗa abin da ke ƙasa ya yi: kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo, kwalejin Kano da ta zama ta Abdullahi Bayero, tashar Samaru, da gonar dabbobi ta Shika. Norman Alexander ne ya fara shugabantarta, sai Ishaya Audu, likitan yara, ya karɓa a 1966 ya riƙe har 1975. Shigar da tashar Samaru cikin jami'ar shi ne matakin da ya fi kowanne tasiri ga yankin da muke magana. Mai ƙirƙirar iri da a da ba ya jin maganar kowa sai ta ma'aikatar gona, yanzu ya sami kansa a harabar da akwai masanin tattalin arziki, da likita, da malamin tarihi, da ɗalibai 'ya'yan manoma masu iya ce masa abin da ya faɗa ba haka yake a garinsu ba.

A 1965 wani matashi Baturen Ingila, David Norman, ya zo ya jagoranci sashen binciken tattalin arzikin karkara. Zancen da ya tarar a bakin masana shi ne manomin Hausa ba ya jin shawara. An ce masa ya shuka abu ɗaya a gona ɗaya, a layi, ya ƙi. Sai ya cakuɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, ya yi gicci, gona ta zama abin da Bature ke gani hargitsi. Maimakon ya ƙara wa'azi, Norman ya zaunar da ma'aikata a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suna bin magidanta a kai a kai, shekara guda cur, suna rubuta wa ya je gona, awa nawa ya yi, me ya shuka, me ya girba, nawa ya sayar. Da aka tattara lissafi sai ga abin da kowane tsoho a ƙauyen ya riga ya sani ya fito a takarda: gonar da aka haɗa amfani ta fi gonar abu ɗaya kawo daraja a kowace eka, kuma ta fi ta tabbas. In ruwa ya ɗauke da wuri gero ya riga ya nuna, in ya zarce dawa ta yi, wake kuma yana ƙasa yana rufe ciyawa, harawarsa na jiran dabbobi. Abin da ya fi ƙaranci a gidan manomi ba ƙasa ba ce, hannun aiki ne a watannin Yuni da Yuli, lokacin noman farko da maimai.

Daga nan aka dawo Daudawa, a farkon shekarun 1970, don a gano dalilin da ya sa audugar manomi ba ta ko kusa da ta gonar gwaji. Shawarar Samaru ita ce a shuka auduga a tsakiyar Yuni, ita kaɗai, a sa taki, a yi ta feshi. Manomin Daudawa kuwa sai Yuli yake waiwayarta, bayan ya gama da gonar hatsi. Hujjarsa gajera ce: ba a tuƙa tuwo da auduga. Duk ranar da ya kwashe 'ya'yansa daga gonar dawa ya kai su ta auduga a tsakiyar Yuni, daga rumbunsa ya ɗebe ta. Feshin ma da nasa nauyin. Injin goyo na lokacin ruwa yake sha mai yawa, kuma a kai ake ɗauko ruwan daga rafi ko rijiya zuwa gonar da ke nesa da gari. Masu binciken suka rubuta wannan dalla-dalla, suka ce gyaran na wajen masana ne: a nemi irin da zai yi kyau ko an shuka shi a Yuli, a kuma gwada ƙaramin injin feshi mai batir wanda ba ya bukatar a yi ta jigilar ruwa. An yi gwaje-gwaje irin waɗannan a kan masara da dawa tare da masu garmar shanu na yankin.

Wannan hanya, ta fara fahimtar gidan manomi gaba ɗaya kafin a ba shi shawara, ita ce ta zama wani fanni mai zaman kansa da cibiyoyin binciken noma na duniya suka runguma a shekarun 1970 da 1980. Littafin da Norman ya fitar a 1982 tare da Emmy Simmons da Henry Hays an karanta shi daga Indiya har Latin Amurka. Ita Simmons matan kulle ta bi, ta auna abin da suke samu daga ƙosai da fura da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, sana'o'in da lissafin gwamnati bai taɓa sanin da su ba. A ganina wannan shi ne babban abin da jami'ar ta ba duniya a fannin noma, kuma rabinsa na manoman da suka yi haƙurin amsa tambayoyi ne, ko da yake babu sunansu a bangon littafi.

A 1975 Bankin Duniya da gwamnati suka ƙaddamar da shirin bunƙasa noma na Funtuwa, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Shirin ya haɗa gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, faɗin ƙasa sama da murabba'in kilomita 7,000, da gidajen manoma sama da 80,000. Aka yi hanyoyin burji, aka gina cibiyoyin sayar da takin zamani da iri, malaman gona suka bazu a kan babura. An yi tsammanin auduga ce za ta ci moriyar shirin, sai masara ta ƙwace fagen. A da masara abar bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Da aka sami taki mai rahusa da sabon iri, wani daga Samaru, wani kamar farar TZB daga cibiyar binciken noma ta Ibadan, sai ta fita daji ta zama amfanin sayarwa. Manyan motocin da ke lodin masara a kasuwar Ɗandume, da gonakin Sabuwa da ido ba ya ganin ƙarshensu, daga wannan zamani suka samo asali.

Abin sha'awa shi ne, jami'ar da ta ba shirin iri da ma'aikata ita ce kuma ta fi kowa sukarsa. A tsangayar nazarin zamantakewa akwai malamai irin su Bjorn Beckman da suka bi diddigin wa ke samun takin, wa ke samun bashin, gonar wa malamin gona ke yawan zuwa. Suka nuna cewa shirin ya karkata ga manyan manoma da 'yan kasuwa da masu sarauta da ma'aikata, ƙaramin manomi kuma yana iya wayar gari ɗan ƙwadago a gonar da a da tasa ce. Wannan muhawara ba ta tsaya a aji ba. Da Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya hau gwamnan Jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina na cikinta, Yusufu Bala Usman na sashen tarihi ya zama sakataren gwamnati, gwamnatin kuma ta ƙi amincewa da sharuɗɗan Bankin Duniya na faɗaɗa shirin zuwa duk jihar, ta kafa hukumar binciken filayen da aka ƙwace wa talakawa. An tsige Balarabe a 1981. Wani malamin kuma, Paul Clough, ya tare a ƙauyen Marmara kusa da Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970 yana bin cinikin hatsi da bashi da biki da ƙwadago. Shi abin da ya gani ya ɗan bambanta: mai dukiyar karkara yana tarawa, amma nauyin mata da 'ya'ya da dangi da barori yana sa dukiyar ta riƙa zagayawa, ba ta taru wuri ɗaya yadda masu ra'ayin gurguzu suka yi hasashe ba. Sai 2014 littafinsa ya fito. Jami'a ta amsa sunanta ke nan, inda mutum uku za su dubi kasuwa ɗaya su fito da magana uku, kowa da hujjarsa a rubuce.

Likitoci ma ta wannan hanya suka bi. A shekarun 1970 asibitin koyarwa na Zariya ya tara mutanen da daga baya suka zama jiga-jigan likitancin ƙasashe masu zafi: Eldryd Parry, Brian Greenwood, Hilton Whittle, David Warrell. Asibitin Malumfashi ya zama reshen karkara na jami'ar, aka kuma kafa shirin binciken cututtukan da suka zauna a yankin tare da makarantar likitanci ta Liverpool. Aka ƙirga mutane gida-gida, aka auna zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, aka bi masu saran maciji. A nan aka tabbatar da irin ɓarnar da gamsheƙa ke yi a ƙauyukan kudancin Katsina, yadda dafinta ke ruɓar da nama, da yadda tofinta ke iya lalata ido. Greenwood da Whittle sun yi fama da sanƙarau, wanda kan sauko da zafin bazara ya ɗauke in ruwa ya zuba; abin da suka koya a Zariya game da magani da rigakafinsa yana cikin tubalan da aka ɗora yaƙi da cutar a kansu a duk faɗin Sahel. Greenwood ya koma Gambiya a 1980 ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Bincike biyu sun shafi ɗakin kowace mace a wannan ƙasa. Na farko a kan ciwon zuciyar da ke kama mai jego ne, ta kumbura, numfashi ya gagara. Parry da abokin aikinsa Davidson sun tarar yawansa a kewayen Zariya ya kai kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu, abin da ba a ga irinsa a wani wuri ba. Suka danganta shi da haɗuwar abu biyu: kunun kanwa, wanda gishirinsa ke tara ruwa a jiki, da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai garwashi a ƙarƙashi har kwana arba'in. Iyayenmu mata don ƙauna suke yin wannan, don su kori sanyi daga jikin 'yarsu, shi ya sa maganar take bukatar a kai ta da ladabi da harshen da za su ji. Na biyu shi ne na Kelsey Harrison, wanda ya bi haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Ya nuna cewa matan da ba su zuwa awo, sai naƙuda ta gagara a kawo su, su ne ke mutuwa da yawa fiye da kima, kuma yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba ita ce ta fi shiga haɗarin doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Ƙarshen maganarsa ba ta allura ba ce, ta makaranta ce: ya ce ilimin mata shi ne maganin da ya fi kowanne. Wannan aiki na cikin waɗanda aka riƙa kafa hujja da su lokacin da duniya ta tashi yaƙi da mutuwar mata wajen haihuwa a ƙarshen shekarun 1980.

A sashen tarihi kuwa wani juyi ake yi. Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, wanda ya kafa sashen kuma ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya koya wa ɗalibansa kada su ɗauki labarin Bayajida a matsayin farkon komai. Su tambayi yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni, birni ya zama ƙasa. Ɗalibinsa Bala Usman, ɗan Musawa, ya zaga ƙasar Katsina yana zama da tsofaffi, yana karanta takardun malamai da wasiƙun sarakuna, ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda maɗaba'ar jami'ar ta buga a 1981. Ya ƙi yarda da fassarar Turawa cewa tarihin ƙasar nan faɗan Fulani da Haɓe ne kawai. Ya nuna cewa sana'a da fatauci da ƙaura da malanta da tsarin sarauta su ne suka gina Katsina, su ne kuma suka sauya ta. A irin wannan karatu garuruwan kudu, 'Yandoto ta malamai, da Gozaki da Maska da Kogo da Pauwa, suka fito a matsayin masu tarihin kansu, ba bayan gidan Birnin Katsina ba. Ɗan Ƙanƙara da ke jin ana kiran hakiminsa Sarkin Pauwa yana da inda zai nemi asalin sunan. A nan kuma mai karatu zai ga cewa dajin Rugu ya taɓa zama hanyar mahara a ƙarni na 19, lokacin da mayaƙan Maraɗi ke ratsowa ta cikinsa su faɗa wa garuruwan kudu, mutane su watse su koma kan duwatsu da bayan ganuwa. Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, shi ma ya zauna a wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke fahimtar ciwo da magani.

Har masu wasan kwaikwayo ba a bar su a baya ba. Michael Etherton da Brian Crow da ɗalibansu, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, sun fitar da wasa daga dandamali suka kai shi ƙauye, Soba a 1977, Maska a 1979, inda manoma ke faɗin damuwarsu a kan taki da haraji a mayar da ita wasa a gabansu. A 1988 jami'ar ta ba Mamman Shata, wanda Funtuwa ta zama gidansa, digirin girmamawa, shaida cewa ta san akwai ilimin da ba a aji ake samunsa ba.

Shekarar 1986 ce ta karya ƙashin bayan wannan zamani. A watan Mayu 'yan sanda suka harbe ɗalibai a harabar Samaru, rikicin da ya kawo ƙarshen shugabancin Ango Abdullahi, kwamitin da gwamnatin soja ta kafa kuma ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. A shekarar ce aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, ɗakin karatu ya kasa sayen mujallun ilimi daga waje, albashin farfesa ya kasa kai shi ƙarshen wata. Baƙin malamai suka tattara, na gida da yawa suka bi su. An kori wani malamin jami'ar, Patrick Wilmot, daga ƙasar a 1988, daga 1995 zuwa 1998 kuma janar ɗin soja, Mamman Kontagora, aka ɗora ya riƙe jami'ar. A 1986 ɗin dai aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga mai hedikwata a Funtuwa. Hukumar tana da laifinta, ta daɗe tana danne wa manomi farashi. Amma da ta tafi, tsarin nan na riɓanya iri daga Samaru zuwa Daudawa zuwa lardi ya tafi tare da ita. Gurya ta gauraya, fuloti ya mutu, masaƙun Kaduna suka bi ɗaya bayan ɗaya.

Duk da haka aikin bai tsaya ba, kuma zalunci ne a ce ya tsaya. Duk irin da manomi ya ji sunansa ya fara da SAM, daga Samaru ya fito: SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMCOT na auduga. Bayan cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta share gonakin Arewa a 1975, shekaru aka yi ana aikin samar da iri mai jure mata, tare da cibiyoyin waje, har aka kai ga irin su SAMNUT 24 a 2011. Akwai masara mai jure wuta-wuta da mai saurin nuna. Gajerar kaura ta Samaru ce kamfanoni suka koma wa da aka hana shigo da sha'ir a ƙarshen shekarun 1980. Shika ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. A 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T, wanda Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa, mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, a 2024 kuma masarar TELA ta biyo. Waɗannan biyun an sauya musu ƙwayar halitta, kuma akwai masu adawa da su da ke tambaya a kan lafiya da kuma wa zai mallaki iri nan gaba. Tambayoyin sun cancanci amsa a fili, da Hausa, a gaban manoman da za su shuka su kuma su ci.

Ƙanƙara kuma ta shiga littattafan injiniyoyi ta wata ƙofar. Farar ƙasarta ta zama abin gwajin sashen injiniyan sinadarai, inda aka yi ta nazarin yadda za a sarrafa ta ta zama alif da sinadarin da matatun mai ke bukata, wanda Najeriya ke saye daga waje. Maƙalu masu ɗauke da sunan garin sun yi yawa a mujallun duniya. A 2004 cibiyar binciken makamashi ta jami'ar ta kunna ƙaramar na'urar nukiliya ta farko a ƙasar, wadda ke iya faɗin abin da ke cikin ɗan ƙullin ƙasa ko dutse. Amma masu haƙar farar ƙasar har yanzu da diga da shebur suke yi, a loda ta ɗanya a fita da ita. Wannan gibi yana damuna, domin ilimin ya kammala nasa, abin da ya rage na masu jari ne da masu mulki.

Ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. Faskari da Sabuwa sun sha hare-haren da ba su ƙirguwa, manoma da yawa sun bar gonakin nesa, wasu sai sun biya kafin su girbe abin da suka shuka. Irin binciken da ya ɗaga sunan Samaru zama yake bukata, mutum ya kwana a ƙauye, ya bi manomi gona, ya dawo badi. Yau ɗalibin da aka tura tattara bayanai yakan tsaya a hedikwatar ƙaramar hukuma ya raba takardun tambayoyi ya juya kafin la'asar, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Amma matsalar da ta hana binciken ita kanta abar bincike ce. Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya nuna ana iyawa, da ya shafe shekaru yana bin lamarin a Zamfara har cikin daji, ya gabatar da abin da ya gano a Sakkwato a 2021. Ɓangaren Katsina na bukatar irin wannan: yadda burtali da makiyaya suka shige cikin gonakin masara tun daga shekarun 1970, wa ya sami fili, wa ya rasa, yaushe sulhun ardo da mai gari ya daina aiki.

Kayan fara aikin suna nan. Bayanan Daudawa da na Malumfashi da na Marmara an rubuta su gida-gida: mutum nawa, gona nawa, shanu nawa, wace cuta, wane bashi. Kundayen digiri a kan wannan yanki suna jere a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, kusan dukkansu da Turanci, jikokin waɗanda aka yi wa tambayoyin ba su taɓa jin abin da aka rubuta a kansu ba. Wanda ya ɗauki waɗannan takardu ya koma ƙauyukan, ko ya bi mutanensu inda suka yi gudun hijira a Funtuwa da Malumfashi da Katsina, zai iya faɗin abin da shekara 50 ta yi wa kowane gida. Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987, yanzu tana da jami'o'inta: Alƙalam tun 2005, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa tun 2006, ta tarayya da ke Dutsin-Ma tun 2011. Da yawan manyan malamansu a Samaru suka yi karatu, kuma a azuzuwansu akwai 'ya'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ba sa bukatar tafinta ko ɗan rakiya kafin su shiga gidajen da za a yi tambayar.